Kawuna Bai Kashe Rijiyar Nan Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa. Ya rasu a Guangzhou da hantsin wata Alhamis, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, a shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Ciwon ƙirji ne na kwana huɗu. Muka yi masa sutura, muka kai shi makabartar Musulmi da ke bayan gari, muka dawo gidan da ni da shi muke haya a hawa na shida, a wani lungu na unguwar Sanyuanli bayan kasuwar Canaan.

A shekarar nan, baƙar fata biyar ba sa tsayuwa wuri ɗaya ba a zo an tambaye su fasfo ba. Duk da haka mutane suka zo, har matakala ta cika. Kanawa masu sarin tufafi suka rufe harkarsu suka zo. 'Yan Nijar suka zo da shayinsu. Ɗalibai suka taso daga unguwar Tianhe a jirgin ƙasa, wasu ko gidan ba su sani ba sai da kwatance. Wata 'yar Sin mai shagon bututu da kayan famfo, wadda Kawu ya yi shekaru yana saye a wurinta, ta hau benen nan da katan biyu na ruwan gora a hannunta. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Sai kuka take, tana cewa, "Baba mayo, Baba mayo," wato babu Baba. Wani dattijo ɗan Maraɗi da bai taɓa yarda ya gaisa da mace ba ya tashi ya miƙa mata kujerarsa.

A rana ta uku wani mutumin Gana ya shigo, bai fi mako biyu da zuwa daga gida ba. Ya zauna kusa da ni, ya yi doguwar addu'a, sannan ya rage murya.

"Allah ya yafe masa," in ji shi. "Har da batun rijiyar nan. Can gida fa har yanzu ba a huce ba."

Na buɗe baki na ce amin. Wallahi na ce amin, na shafa. Wannan amin ɗin ita ta hana ni sakat, ita ta sa na ɗauki biro. Mutanen garinsu sun binne Kawu a ransu a matsayin tsohon da ya aiko injin da ya kashe musu ruwa. Ba shi ba ne. Ni ne, kuma ina so a sani tun ina da rai.

Sai na fara da garin, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin ba. Ni Bakano ne, a Kano aka haife ni, aure ne ya kai mahaifiyata can. Amma ita da Kawu 'yan wani zango ne a bakin tekun Gana, gabas da Akara. Kakanmu ya je da fatauci, ya ga wuri ya zauna. Masu ƙasar suka ba shi wani zirin rairayi: teku a kudu, tafkin gishiri a arewa, shi a tsakiya. Ko ina ka juya ruwa ne, amma babu na sha. Ruwan sama ma rowa yake yi a wajen, sai hadari ya haɗu ya wuce ya je ya zuba a daji.

Kawu ya sha ba ni labarin shekarun farko. Mata su fita da asuba da tulu, su dawo rana tsaka. Kowane gida da randuna a jere ƙarƙashin indararo, in damina ta wuce a rufe su da laka. Masu ƙasar ne suka koya wa kakanmu abin da suka gada: ɗan ruwan saman da ya sauka yana nutsewa cikin rairayi, ya je ya kwanta a kan ruwan gishiri, kamar yadda mai ke kwanciya a kan miya. Bai da kauri. Sai ka haƙa da hannu da ƙwarya, ka tsaya daidai ƙirjinka. Ka ƙara kamu ɗaya, ka taɓo zartsi. Saboda haka ba a yin rijiya ɗaya mai zurfi, sai gajeru da yawa, kowace 'yan fangalan albasa da tata. A ɗiba da guga da safe, a bar ta ta huta, a dawo da la'asar. Da farko da saƙar ganyen kwakwa ake tare bakin rijiyar. Daga baya aka samu ganga ana fasa gindinta. Zoben siminti kuwa Kawu ne ya fara zuba shi a zangon, da hannunsa, yana saurayi.

Akwai shekarar da wata hukuma ta zo da babbar mota ta haƙa musu burtsatse. Aka yi taro, aka yi kiɗa. In Kawu ya zo nan a labarin sai ya yi dariya har hularsa ta zame. "Ruwan da ya fito, ɗan ƙanwata, akuya ta sa baki ta juya ta dube mu. Har yau ƙarfen yana nan, ana shanya kaya a kansa."

A cikin rijiyoyin nan akwai babba guda, wadda kakanmu ya haƙa a tsakiyar gona, inda ruwan daɗin ya fi kauri. Ita ce ba ta ƙafewa. In rani ya yi tsanani, gida bakwai ke sha daga gare ta, huɗu a ciki na masu ƙasar ne. Ita nake nufi in na ce rijiya.

Haƙar rijiya ta kai Kawu ga sayar da bututu a Akara, sayar da bututu ta kawo shi Guangzhou da furfurarsa, yana yi wa 'yan kasuwar Gana sayayya. Ni na same shi a nan. Ya ba ni ɗaki, ya nuna mini gari, ya kuma sa mini ido kamar na goye. Zama da shi sai haƙuri. Ba a zubar da ruwan alwala a gidanmu, a roba ake tarawa, ya kai wa albasarsa da ya shuka a bokitan fenti a bakin taga. In na daɗe a banɗaki sai ya buga ƙofa.

"Kai Bakano! Wanka kake ko noman shinkafa?"

"Kawu, garin nan fa kogi ne ya ratsa shi. Ruwa ba zai ƙare ba."

"Ba don ruwan nake yi ba, don hannunka nake yi. Hannun da ya saba sakin famfo, ko ina ya je saki zai yi."

In ana ruwan sama irin na garin nan, wanda ke cika titi cikin minti goma, ba ya iya zama. Sai ya tsaya a taga yana kallon yadda yake bin kwata yana tafiya, yana girgiza kai, yana cewa, "Ash sha. Wannan na yau kaɗai, da ya ishe mu shekara." Ba ya cin abinci bai fara kurɓar ruwa ya juya shi a baki ba. Ya san ruwan kowace unguwa. Ba ya son a yabe shi, ba ya son a taya shi ɗaukar kaya, kuma in ya yi fushi ba ya ɗaga murya, sai dai ya koma kiranka da "malam".

Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka zo gaisuwa, wani Badamagare mai karatun injiniya, ya ba mu wani labari da ban sani ba. Ya ce Kawu ya taɓa jin cewa da sanyi, in kogi ya ja baya, ruwan teku kan hauro har gonakin da ke kudu da gari. Sai ya matsa masa ya raka shi ya yi masa tafinta. Suka yi ta sauya mota har suka isa wasu lambuna. Suka tarar da wata tsohuwa 'yar Sin a bakin magudanar da ke shigar da ruwa gonarta. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar, ta bar ƙofar ruwan a rufe. Kawu ya tsuguna gefenta, shi ma ya tsoma ya lasa ya tofar. Suka dubi juna suka fashe da dariya. Ɗalibin ya ce, "Wallahi tafintar da na je yi ban yi ta ba. Awa guda suna nuna ƙasa, suna nuna sama, suna kwatanta zurfi da hannu. Da za mu tafi ta cika masa leda da ganye."

Kawu ne kuma wanda in ɗalibi ya kwanta rashin lafiya zai dafa kunu ya zuba a fulas, ya ɗauka tun daga Sanyuanli har Tianhe, a tsaye cikin cunkoso. Da yawa a cikinsu a bakin kabarinsa na fara ganin fuskarsu.

To, ga yadda abin ya faru. A ƙarshen shekarar da ta gabaci wasannin, babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, shi ke riƙe da gonar, ya kira ni. Ya ce ya gaji. Ya ce bayansa ya ƙare a jan guga, matasa sun gudu birni, babu mai taya shi. Ya ce ya roƙi mahaifinsa inji ya hana, ko ni zan sa baki? Na ji tausayinsa. Kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗi da aka nemi taimakona. Ni na tashi ina ganin noman rani a fadamun Kano, inda ake kafa bututu a tayar da inji, ruwa ya yi ta ambaliya daga safe har yamma. A wurinmu in ruwa ya yi kaɗan, zurfi ake ƙarawa, a ƙara girman inji. Ban taɓa sanin akwai ƙasar da ƙarfi ke ɓata ruwa ba.

Na je na gano wani inji mai inci uku, ja, sabo fil. Na zo da hotonsa ina murna. Kawu ya duba. Ya tashi ya ɗauko kofin gilashi, ya jiƙa gishiri ya zuba har rabi. Ya ɗora ƙyalle a kai, ya riƙa tsiyaya ruwan famfo a hankali, a hankali, sannan ya zare ƙyallen. Ya miƙo mini cokali.

"Ɗebi na sama."

Na ɗiba. Ruwa ne lafiyayye.

Ya miƙo mini tsinken shan lemo. "To sa wannan, ka ja da ƙarfinka na Kanawa."

Na ja, gishiri ya cika mini baki. Na tofar a roba.

"Ka gani? Guga roƙo take yi. Wannan abin naka ƙwace zai yi. In gishiri ya hau, ba ya sauka don ka ba shi haƙuri."

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ja ni. Na ce, "Haba Kawu! Wasan kofi daban, gona daban. Duniya ta ci gaba. Kuna nan kuna aika wa kowa inji, ɗanku na can yana jan guga kamar zamanin kakanni. Wannan ai mugunta ce." Kaico. Na faɗi kalmar nan ga mutumin da ya ba ni ɗaki.

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Malam, na ji." Ya wanke kofinsa ya kife.

Bayan mako biyu ana loda kwantenarsa mai zuwa Gana. Ran nan ƙafarsa ta kumbura, ya ce in je in tsaya masa. Na je na tsaya. Na sa aka shigar da injin can ƙurya, aka rubuta alamarsa a jikin kwalin kamar sauran kayansa. Na kira Yaya na ce, "Na shawo kansa, ya yarda. Amma kada ka yi masa maganar, ka san shi da kunyar janye magana." Har ina yaba wa kaina wayo.

Injin ya isa a tsakiyar rani. Yaya ya zura tiyo a babbar rijiya. Mako na farko ya kira ni yana ta sa mini albarka, ya ce aikin yini guda yanzu kafin hantsi ya gama, har maƙwabta na kawo tiyonsu. Mako na uku ganyen albasa ya fara ƙonewa daga baki. Mako na biyar rijiyar ta zama zartsi, ƙananan da ke kewaye da ita suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Gida bakwai suka koma sayen ruwa a jarka daga motar tanka. Matan masu ƙasar suka daina gaisa da Inna, matar Kawu, a hanyar kasuwa.

Ina zaune a gabansa aka kira shi. Bayan sallar azahar ne, yana yanka albasa. Ina jin muryar Inna tana fita daga wayar, ban taɓa jin ta haka ba. "Kai da ka san ƙasar nan fiye da kowa! Kai da ka hana mutane ƙara kamu ɗaya! Ka je ƙasar mutane ka manta, ka aiko mana da wannan?"

Ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya. Na ga lokacin da ya gane. Na jira ya miƙo mini wayar.

Sai ya ce mata, "Ni ne. Na yi kuskure. Ku cire shi yau, ku rufe bakin rijiyar, kada kowa ya taɓa ta. A kai gaisuwata gidan masu ƙasa, a ce ina neman afuwa."

Da ya ajiye na durƙusa. Na ce, "Kawu, bari in kira su in faɗa."

"Zauna," in ji shi. "In suka ji kai ne, uwarka ba ta ƙara shiga garin nan da fuska. Za a ce ɗanta baƙo ya zo ya kashe ruwan mutane. Shi kuma yayanka ba zai ƙara yarda da kai ba har ku mutu. Ni tsoho ne, na haƙa musu rijiya ta fi a ƙirga. Za su yi fushi su gaji."

"Amma ai ba ku ba ne."

"Na nuna maka a kofi, na ga ba ka ji ba, na yi fushi na ƙyale ka. Da na zaunar da kai na sake nuna maka. Ina da nawa a ciki." Ya ci gaba da yankan albasarsa. Bai ƙara ce mini malam ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na karɓi wannan rufin asiri da hannu biyu, kuma ina jin kunyar faɗa. Na ce wa kaina ai umarninsa nake bi.

Ya so ya tafi gida. Ya ce in ya je zai haƙa ramuka a kewayen rijiyar, ya juyo da ruwan rufin gidaje cikinsu, ko damina uku ko huɗu za su danne gishirin. Har zane ya yi a bayan kwali. Amma shekarar wasanni ce, an ƙuntata biza. Wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, ga kayan mutane a hannunsa ba a gama haɗawa ba. Ya ce bari a gama wasannin. Duk garin an yi masa kwalliya, kowane shago da talabijin ana kallon masu gudu da masu iyo, shi kuwa yana zaune da kwalinsa yana gyara zane. Ina lura duk Juma'a yana kiran gida. Da can sai ya yi rabin awa yana hira da Inna, yana dariya, yana tambayar kowace akuya. Yanzu minti biyu ya ajiye. Wani lokaci ya ce, "To, a gaishe ta," ya daɗe yana kallon wayar. Na gani sarai, na kau da kai. Aka gama wasanni, azumi ya shigo, ya ce bari a sha ruwa. Aka yi salla, sai ciwo.

Ya Allah, bawanka ne, ya zo maka daga ƙasar da ba tasa ba. Ya shayar da mutane da dabbobi shekara da shekaru, ka shayar da shi. Ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri, ka rufa masa. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahama.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse da la'asar, na kira Inna. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da muryar mai takaba. Sannan na ce, "Inna, ina da magana, ki yi haƙuri ki ji ta har ƙarshe." Na faɗa mata duka: kofin, kalmar da na gaya masa, kwantenar, ƙaryar da na yi wa Yaya. Na ce zan rubuta, a karanta a zango, a fassara wa masu ƙasa. Na ce zan zo da kaina da zanensa, in yi haƙar da hannuna, ko da ba za a sake bari na shigo ƙasar nan ba.

Ina jin kaji a bayanta.

"Wata takwas," in ji ta. "Wata takwas ban yi masa magana mai daɗi ba."

"Inna, ki yafe mini."

"Juma'ar ƙarshe da ya kira, ina zaune a tsakar gida ina tsince wake. Yayanka ya miƙo mini wayar. Na ce ya ce masa ina gona."

Na ji tana jan numfashi, tana ƙoƙarin tsayar da muryarta.

"Yafiya sai ka zo, mu ga juna. Yanzu ba zan iya ba. Amma kabarin nasa da nisa daga inda kake?"

Na ce sai an hau mota biyu.

"To ka je. Ka yi masa sallama, ka ce masa na dawo daga gonar."

Washegari da safe na je na faɗa masa.